Fuskar Rakiya a Kan Ledar Cuku

A ƙauyenmu, can gefen Gangara, idan sanyi ya shigo an gama kai hatsi rumbu, Kaka Dije takan hura wuta da kara da busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta da zarar an idar da magariba. Mu jikokinta sai mu zagaye ta, wasu ko hannun tuwo ba su wanke ba. Ni takan jawo ni jikin ƙafarta ta ce, "Matso, maigidana, kada sanyi ya kashe mini miji." Na yi yawo, na kwana a manyan ɗakuna a Damagaram da Kano, amma har yau ban zauna wuri mai daɗin gindin wutar nan ba.

Mutum ɗaya ce ba ta matsowa. Rakiya, 'yar baffana, wadda na girme ta da shekara biyu. Zabiya ce, hasken wuta yana sa idonta ruwa, don haka takan zauna can baya inda haske ya ƙare, ta lulluɓa da zanen uwarta.

Kaka ba ta gaggawa. Sai ta tura kara cikin wuta tukuna, ta ce, "To, ga ta nan ta iso. Wanda ya yi gyangyaɗi ta wuce shi."

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta farar akuya. Wai a wani garke na jajayen awaki aka haifi 'yar akuya fara fat. Duk daren da wata ya fito, kura takan hango farin nan daga kan tudu, ta bi shi har cikin garke. Ba ta ɗaukar farar, don ramammiya ce, sai ta sure mai ƙibar da ke kusa da ita. Da aka rasa uku, tsohuwar akuya ta tara garke ta ce a sauya wa yarinyar nan launi. Suka kama ta ta ƙafa suka ja ta cikin jar lakar bakin tabki, ruwan sama ya wanke. Suka ja ta cikin toka, iska ta kaɗe. Daga nan suka kai ta marina, suka ja ta cikin ramin baba. Ja na farko ta fito shuɗi-shuɗi.

A nan Kaka takan maƙale murya irin ta tsohuwar akuya ta ce, "Ku ƙara ja!" Mu kuma mu amsa da ƙarfi, muna tafi, "Ku ƙara ja!"

Ja na biyu ta yi duhu. Ja na uku ta fito baƙa wuluk, ba ta numfashi. "Daga ranar," in ji Kaka, "garke ya yi barci lafiya. Nan na sauke ta, gobe wani ya ɗauka."

Wani dare muka ji murya daga baya. Rakiya ce. "Kaka, ita farar me ta yi?"

Kaka ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "Ba ta yi komai ba, 'yar nan. Ana ganinta ne kawai."

Washegari da hantsi muka tare Rakiya bayan gida, inda ake zubar da toka. Ni na kama ƙafafunta. Ba zan ce wani ya sa ni ba, ni na kawo shawarar. Na ja ta cikin tokar, sauran suna ta waƙar "ku ƙara ja", har sau uku. Fatarta ba ta da ƙwari, duk bayanta ya saluɓe. Uwarta ta kawo ƙara, Kaka ta dubi yarinyar daga sama har ƙasa, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ai ta fi kyau haka." Ba wanda ya taɓa ni.

Na girma na shiga fatauci. Da fatu na fara, na koma wayoyi, yanzu ina da shago a Tanout inda nake buga allunan talla da takardun da ake manna wa kaya. Ba wanda ya koya mini zane a kwamfuta, zama na yi da ita har ta bi ni. Irin zanen da nake yi, kowane yanki zaman kansa yake: ɗankwali daban, hannu daban, fuska daban. In kana son sauya launin abu, sai ka ɗora masa suri, wato ɗan abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur, ka danne ka ja. Ka ja dama ya yi haske, ka ja hagu ya yi duhu, a gaban idonka, ba tare da ka sake zana komai ba.

Bara Rakiya ta shigo shagon da baƙin tabarau da faffaɗar malafa a kan gyale. Tana sarin cuku wurin matan makiyaya ta wajen Belbeji, tana so ta riƙa sa shi a leda mai suna ta aika Damagaram. Ta miƙo mini hotonta a waya.

"Yaya Laminu, fuskata nake so a jiki. Shekara nawa ina wannan aiki, ba wanda ya san mai shi."

Na zana ta a kwana biyu, kuma ta fito: ɗankwali kore, faifan cuku a hannu, fuskarta sak. Da ta dawo ta kai ido dab da allo, don ba ta gani daga nesa, ta daɗe tana kallo. Ta yi murmushi. "Kai, Yaya, har wushiryar ka sa?"

Ni kuwa idon ɗan kasuwa nake kallo da shi. Na san masu sayen nan, na san abin da wasunsu ke faɗa a kan abinci daga hannun zabiya, duk da ƙarya ce tsagwaronta. Na ce, "Bari ki ga wani abu." Na ɗora suri a kan fuskar, na danne, na ja hagu. Ta koma wankan tarwaɗa. Na ga bai isa ba, na ƙara ja. Na sake ƙarawa.

Ban ji lokacin da ta janye kujerarta ba.

"Sau uku ke nan," in ji ta. "Tana numfashi kuwa?"

Na saki surin. Na ce, "Rakiya, don kasuwa ne. In ba ki so, ja ɗaya zan yi ta dawo yadda take."

"Wacce za ta fi tafiya? Faɗa mini gaskiya, kai ne ka san kasuwa."

Da na iya yi mata ƙarya, da na yi. Na nuna baƙar.

Ta ɗauki surin da kanta, ta lalubi fuskar, ta ja dama a hankali har ta dawo fara. Ta kalle ta kamar mai sallama da baƙo. Sannan ta ja hagu, ta mayar da ita daidai inda na bar ta.

"Buga wannan. Ina da 'ya'ya huɗu."

Na buga. Wani mai mota ta aiko ya karɓa, ita ba ta sake taka shagon ba. Da muka haɗu wurin suna a ƙauye na gaishe ta, ta amsa da "Lafiya lau, Malam Laminu." Ba Yaya ba.

Cukun yana tafiya sosai, kamar yadda na faɗa. Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar Kaka gargaɗi ce ga wanda ya fita daban. Yanzu in na tuna ta, ba kurar nake gani ba. Kura ba ta taɓa farar ko sau ɗaya ba, 'yan garkensu ne suka kai ta marina, kuma kowannensu yana ganin taimako yake yi. Ina son Kaka har gobe, ina yi mata addu'a kowace Juma'a, amma ban taɓa ba 'ya'yana wannan tatsuniya ba.

Ranar kasuwa nakan wuce teburin da ake jera ledojin. Matar da ke jiki tana murmushi da wushiryar Rakiya, da ɗankwalinta, da sunanta a ƙasa. Wani abokina ya ɗaga guda ya ce, "Wannan kyakkyawar fa, wace ce?" Na ce ban san ta ba.