Inna Haulatu, Mai Barin Layin Ƙarshe

Kafin masallata su gama fitowa daga sallar asuba, Inna Haulatu ta riga ta girka tukunyar kokonta a bakin lungunmu a Zongo, ta ɗaure ƙugu da tsohon zane, ta riƙe ludayi. Haka take yi shekara arba'in da ɗaya. Kokon da daɗi, amma gaskiya akwai wanda ya fi shi a Lome. Abin da babu a wani wuri shi ne dokarta: duk mai saye yana da baitinsa da ta tsara masa. Da ta hango ka sai ta rera layi biyu ta yi shiru, kuma ludayi ba zai shiga tukunya ba sai ka cika na ukun da bakinka.

Ni dai dokar nan ta sha ba ni haushi. Mutum na sauri zai kama zemijan, babur ɗin haya, zuwa shago a marshen Adawlato, babbar kasuwar Lome, tsohuwa ta tsare shi sai ya yi waƙa. Na taɓa ce mata, "Inna, yau na makara, zuba kawai." Ta ce, "Batul, marshe ba ya gudu. Faɗi naki." Na faɗa ina tura baki.

Baitin yana tsufa tare da mai shi. Na mahaifina, Alassani tela, tun yana saurayi take kiransa da shi:

Alassani na bakin keke,
ƙafa na taka, zare a miƙe,

shi kuma ya amsa, "Zuba mini koko, ga ni a farke!" Ranar da ya fara sa tabarau, ba ta yi masa jaje ba, sai ta sauya layi na biyu ya koma "kafar allura yau ta tsuke." Baba ya yi kwana uku yana fushi, ran na huɗu aka ji shi yana rerawa a shago.

Bara waccan jini ya buge shi. Muka dawo da shi daga asibiti hannun dama ba ya motsi, baki kuma ba magana. Wata biyu ba mu ji kalma ɗaya daga gare shi ba. Ya juya fuska bango, ya fara ƙin abinci. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba, don na ga mutum yana sallama da duniya da ransa.

Wata safiya sai ga Inna Haulatu a ƙofar ɗaki da kwano a hannu, ta bar tukunya a titi ba mai tsaro. Ba ta ce sannu ba. Ta tsaya ta rera layukansa biyu, ta yi shiru. Na ce, "Inna, ba ya iyawa fa." Ta ce, "Ke aka tambaya?" Ta jira har kokon ya huce, ta ɗauki kwanonta ta tafi da shi. Ranar na tsane ta. Washegari ta dawo, jibi ma haka. A rana ta tara, tana shirin juyawa, muka ji wani gurnani daga kan gado, harshe a karye: "Ga ni... a farke." Ta zauna a ƙasa ta ba shi da cokali, tana cewa, "To, da ka faɗa tun tuni, ai da ba ka sha mai sanyi ba." Ni ina bakin ƙofa ina kuka.

Inna, ke ce kika ƙi yi wa Baba kallon gawa lokacin da mu 'ya'yansa muka fara. Ke ce kika san cewa tsoho yana son a jira wani abu daga gare shi, ba a yi ta yi masa komai ba.

Yanzu gwiwa ta hana ta tsayuwa, murya ma ta dishe. Juma'ar da ta wuce ta miƙa wa 'yarta Mahfuza ludayi. A nan muka lura cewa duk lungun, ita kaɗai ce ba ta da baiti, don a shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya tuna ya yi mata. Kunya ta kama mu. Sai Baba ya dogara sandarsa ya matso, yana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya:

Haulatu mai kokon safe,
tukunyarki yau za a kife,

ya yi shiru yana kallonta. Ta buɗe baki, hawaye ya riga ta. Baba ya ce, "Ina jira. Ni kin jira ni kwana tara." Ta share ido da bakin zane ta ce, "A kife, amma bakina kar a rufe!"

Mun gode, Inna Haulatu. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon gwiwa. Ku kuma da kuke da tsoho a gida wanda ya yi shiru, kada ku riƙa ƙarasa masa magana don tausayi. Ku fara, ku tsaya, ku jira shi, ko da kokon zai huce.