Murfin Bawul a Aljihun Sofron

Ranar Juma'a, sha shida ga Agusta, 2024, washegarin bikin Maryamu, Mai rai ya karɓi abinsa daga Sofron Bozgan, mai facin taya na ƙauyenmu Brustureni, a nan duwatsun Apuseni. Babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ne ya kife da shi a Hayin Kerkeci, yana kan hanyar kai wa makiyaya gishiri da garin masara. Ya bar matarsa Veta, da ɗansu guda, Rusalin, wanda ke aikin gini a Italiya.

Ni ne Trifan Olar, tsohon mai dawakin kaya. Ban yi makaranta ba, ɗan rubutun da na iya a soja na tsince shi, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa. Na rubuta wannan ne don a karanta ranar addu'ar arba'in, a gaban kowa, saboda tun da aka binne ka, Sofron, ƙauyen nan ke cewa a buge ka hau babur. Ƙarya ne. Ina da shaida, kuma zan faɗe ta.

Kada wani ya ɗauka son kai ne ya sa ni magana. Kowa ya san tsakaninmu. Kafin ka kawo wannan abin hayaƙin, ni da dawakaina muke haurar da kaya zuwa rugagen tumaki, mu sauko da cuku. Kai ka kashe mini sana'a. Hanyar da nake wuni a kanta, kai kafin tuwon masara ya nuna ka je ka dawo. Makiyayan da na yi wa ɗawainiya tun ina saurayi suka juya mini baya kamar ba su taɓa sanina ba, har na sayar da dawakaina, saura goɗiyata Sura. Ban yafe wa babur ba, kuma ba zan yafe masa ba. In ka wuce ƙofata sai ka danna ham, ka ce, “Mai doki, ko a rage maka hanya kai da tsohuwar budurwarka?” Ni kuma in ce, “Wuce, mai faci, kafin tusar jakinka ta kashe mini kaji.” Da haka muka tsufa.

Amma ni ba butulu ba ne. Damina da rani, takalmin robana kai kake liƙe mini, ba ka taɓa miƙo hannu ba. Kwamin da Sura ke shan ruwa a ciki har yau, tsohuwar tayar tarakta ce ka yanka ka ajiye mini a bakin shinge, ka wuce abinka. Sanyin shekarar da marigayiya matata Dumitra ta kasa numfashi, ƙanƙara ta rufe hanya, motar asibiti ta tsaya a gada ta ce ba za ta hau ba. Kai ka zo. Ka durƙusa a tsakar gidana ka sace iskar tayoyinka har suka baje, ka naɗe Dumitra da bargon tumaki, ka ɗaure ta a bayanka kamar goyo, ka sauka da ita. Ta ƙara shekaru a duniya bayan wannan. Da na je yi maka godiya sai ka ce, “Ba don kai na yi ba, don miyarta na yi.”

Aikinka kuwa ba ka wasa da shi. Duk wanda ke da babur mai ƙafa huɗu a kwarin nan ya sha faɗanka a kan iska. Kana cewa tayar wannan babur ba tayar mota ba ce, da laushi ake barin ta, kamar kumatun jariri, don ta kwanta a ƙasa ta rungumi dutse da ciyawa. In aka cika ta ta yi tauri, tsalle za ta riƙa yi, a kan raɓa kuma ta zame. Da babban yatsa kake gane ta. Sannan ga zaren nan naka, zaren buhu mai ƙulli guda, wanda ba ya barin wuyanka. Tayoyin baya a ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, saboda haka in ɗaya ta fi ɗaya kumbura sai babur ya riƙa ja gefe. Sai ka zagaye ta hagu da zaren, ka zagaye ta dama, ka rage nan ka ƙara can, har ƙullin ya faɗa wuri ɗaya. Samari suna maka dariya, suna cewa Kawu Sofron yana auna wa babur siket. Kai kuma ka ce, “Ku yi dariyarku. A fili ba za ka ji ba, a hayi za ta ja ka zuwa kwazazzabo.” Da kunnena na ji ka faɗa, ba sau ɗaya ba.

To, ga yadda abin ya faru.

Rusalin ya zo hutun Agusta kamar sauran 'ya'yanmu da ke waje. Ya ga tayoyin ubansa duk faci a kan faci, haƙoransu sun cinye, abin ya dame shi. Yaron kirki ne. Ana gobe biki ya ɗora babur ɗin a tirela a ɓoye, ya kai shi gari, wani shagon tayar motoci, aka sa masa sababbi guda huɗu, manya, masu haƙora kamar na tarakta. Mutanen shagon suka buga musu iska yadda suke buga wa mota. Ba zan kira sunansu ba, sun san kansu. Komai ya shigo musu mai zagaye sai su cika shi har ya yi ƙara, su karɓi na gaba.

Ranar biki, bayan an taso daga coci, Rusalin ya shigo da babur ɗin tsakar gidanku a gaban baƙi, da jan ƙyalle ɗaure a kansa. Ina jingine da shinge. Na ga ka zagaya shi, ka sunkuya, ka danna tayar baya da yatsa. Yatsan bai shiga ba. Na ga fuskarka ta sauya, na kuma ga ka ɗago ka dubi ɗanka, yana tsaye yana jira kamar ranar da ya fara kawo maka kifin da ya kama. Sai ka ce, “Sun yi kyau, ɗana. Ban taɓa hawa irinsu ba.”

Ni da bakina ba ya shiru na ce, “Mai faci, ina zaren?”

Ka ce, “Yi mana shiru, mai doki. Je ka taje wa budurwarka gashi.”

Rusalin ya yi dariya ya ce, “Kawu Trifan, waɗannan sun wuce zare, da inji aka sa su.”

Aka yi dariya, aka koma kan nama. Babur ɗin a garejin Rusalin ya kwana, a wancan benen da ya gina wanda ba mai zama a ciki, wai kada kaji su ɓata masa tayoyi. Da safe shi ya kawo maka shi, shi ya ɗaure buhunan gishiri, ya tsaya a ƙofa har ka tafi. Ba ka sami minti ɗaya kai kaɗai da tayoyin nan ba.

Wajen hantsi wani makiyayi ya sauko a guje, ya ce babur ya kife da kai cikin kwazazzabo. Mota ba ta isa wurin, babur ma ba ya isa, sai aka zo ƙofata. Sura ce ta sauka kwazazzabon, ita ta ɗauko ka ta kawo ka gida, a hankali, kamar ta san abin da ke bayanta. Rigarka sharkaf take da barasa, gaskiya ne. Kwalbar da kake kai wa makiyaya duk bayan biki ce ta fashe a jikinka. Ɗan sandan da ya zo daga gari ya sunsuna sau ɗaya ya kaɗa kai. Daga nan magana ta tashi, ta sauka a shagon Ilarie, inda ake dafa kowace magana a ƙauyen nan. Mutanen da ka liƙe wa taya kyauta su ne suka ce, ai dama washegarin biki ne. Ni na san ɗan kofi ɗaya ka sha ranar bikin, na kuma san ba ka taɓa hawa babur da ɗigon barasa a cikinka ba. Amma wa zai saurari tsohon da ba ya shiri da kowa?

Ina cikin dattawan da suka yi maka wanka. Da na cire maka falmaran, na ji wani ɗan abu a aljihu. Murfin bawul ne, wanda ake rufe bakin iskar taya da shi, sabo fil. Na damƙe shi ban nuna wa kowa ba. Washegarin jana'iza na koma kwazazzabon ni kaɗai. Babur ɗin yana kwance ƙafafu sama. Tayoyi uku tauri kamar dutse, da murfinsu. Ta baya ta hagu laushi, daidai yadda kake so, ba murfi. Na duba ta ciki da bai, ba ƙusa, ba tsaga. Na tofa yawu a bawul ɗin, bai yi kumfa ba. Hannu ne ya rage wannan iskar, hannunka.

Sauran labarin Rusalin ne ya ba da shi da bakinsa, wajen cin abincin jana'iza, yana kuka. Ya ce ka manta da ƙunshin abincinka, sai ya bi ka da mota ya cim maka a gindin bishiyar nan da aradu ta tsaga, inda hanyar mota ta ƙare, hayi ya fara. Ya same ka a tsugune gefen babur. Ya ce, “Baba, wani abu ne da tayoyin?” Ka ce, “Ina! Igiyar takalmina ce ta kwance.” Ka karɓi ƙunshin, ka hau, ya tsaya yana ɗaga maka hannu har ka shige hayin.

Ka gani, Sofron? Ka jira sai da ka ɓace wa idonsa, ka tsaya ka fara gyara. Taya ɗaya ka rage wa iska, sai ga shi ya iso. Ka gwammace ka hau Hayin Kerkeci a kan raɓa, da taya ɗaya laushi ɗaya tauri a ƙarfe guda, abin da ka hana kowa yi tsawon rayuwarka, da ka bar ɗanka ya ga ubansa yana gyara kyautarsa. Wataƙila ka ce a ranka, in na sha kwana zan ƙarasa. Ba ka kai kwanar ba. Wauta ka yi, mai faci, kuma da kana nan da na faɗa maka a fuskarka. Amma wautar uba ce, ba ta mashayi ba.

Makonni na yi da murfin nan a aljihuna yana ƙona ni. In na yi shiru, ka tafi da sunan mashayi. Veta ta daina zuwa coci, ta daina shiga shago, gishiri ma sai ta aika maƙwabciya, saboda da ta shigo ake yanke hira. In kuwa na yi magana, na ɗora wa yaro gawar ubansa. Ranar jana'iza, da Veta ke miƙa sadaka ta saman akwatin gawarka kamar yadda aka saba, wasu suka sami kaza, wasu riga, ni zarenka ta miƙo mini. Duk safiya sai in gan shi rataye a ƙusa, kamar yana tambayata.

Shekaranjiya na sami Rusalin a rumfarka ta faci, bai koma Italiya ba. An jawo babur ɗin da tarakta, yana zaune a gabansa. Na ajiye murfin a tafin hannunsa. Ina neman ta inda zan fara. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, “Kawu, ba sai ka faɗa ba. Na ji ƙarar iskar.”

Na ce, “Wace iska?”

Ya ce, “Da na fito daga mota, kafin ya gan ni. Tana fita, tsss. A rumfar nan na girma, na san ƙarar. Na ji, na yi kamar ban ji ba, don ina so ya sake cewa sun yi kyau. Da na ce masa, Baba, ƙarasa abinka, ina jira...”

Bai iya ƙarasawa ba. Ni ba na iya rarrashi, ban taɓa iyawa ba. Na ce masa, “To yanzu ya kake so? Sunan ubanka yana shagon Ilarie ana taunawa, uwarka tana ɗaki a kulle.”

Ya ce, “Rubuta, Kawu. Ka sa sunana. Ni zan karanta.”

Saboda haka wanda kuke ji yana karanta muku wannan, da muryarsa, shi ne Rusalin ɗan Sofron. Ku dube shi da kyau. Ilarie, kai ma ɗago kanka. Wanda ya sake cewa barasa ce, ya zo ya faɗa a ƙofata, ina da sauran ƙarfin ɗaga bulalar doki. Wanda kuma ya buɗe baki ya ce yaron nan ya kashe ubansa, shi ma ya zo. Ɗa ya yi kyauta, uba ya yi kara, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa, hayi kuma bai san wannan ba.

Veta, ina miki ta'aziyya. Mijinki da hankalinsa ya tafi, da tsabtarsa. Ki fito ki zauna a wurinki na coci, gaban kowa. Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki ɗakin da ya bari. Rusalin, Allah ya sauke maka abin da ka ɗauka, ya ba ka ƙarfin ɗaukar abin da ya rage. Makiyayan kan dutse, da duk wanda ya taɓa tura taya zuwa rumfar nan, ina muku ta'aziyya, ko kun cancanta ko ba ku cancanta ba.

Kai kuma Sofron, Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka kurakuranka, har da wanda ka yi mini. Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da salihan bayinsa. In ka ga Dumitra, ka ce mata ina nan tafe, a kan doki.

Jiya da safe ni da ɗanka muka durƙusa a rumfarka. Na ba shi zaren, na nuna masa inda kake fara zagayawa. Shi ya danna bawul ɗin da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙullin ya faɗa wuri ɗaya. Makiyaya suna jiran gishiri kafin ƙanƙara, ya ce shi zai kai. Ka kwanta, mai faci. An rage iskar, duka huɗun.