Hannun Sha'aban a Bayan Keke

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad ya san Sha'aban. Wanda bai san sunansa ba ya san tafiyarsa: dogo ne, amma kullum a ɗan sunkuye yake, hannuwansa biyu a gaba kamar mai neman abin kamawa. Ko masallaci zai shiga shi kaɗai, haka yake tafiya. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana tura keken ƙaninsa Najib, har bayansa ya lanƙwasa daidai tsayin keken.

Ni Nuru, direba ne a wani ofishin jakadanci. Bene ɗaya muke da su, ni a hawa na biyu, su a ƙasa saboda keken. Shekara tara ke nan muna shan shayin bayan la'asar a ƙofarsu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

'Yan Haɗeja ne. Shan inna ya kama Najib yana ɗan shekara uku, Sha'aban yana da tara. Kafin a samu keken guragu a gidan, goya shi yake yi zuwa makaranta, ya ajiye shi a aji, sannan ya wuce nasa ajin a makare. Shi karatunsa bai wuce firamare ba. Najib kuwa kai gare shi, ya yi ta tafiya har ya zama injiniyan kwamfuta. Da wani kamfani a unguwar Malaz, nan Riyad, ya ɗauke shi aiki, sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa da yayansa zai zo. Aka yi wa Sha'aban iƙama, wato takardar zama, a matsayin direba, ya baro matarsa Hansai a gida, yanzu 'ya'yansu uku. Rabonsa da su shekara huɗu. In ka tambaye shi yaushe zai leƙa gida, sai ya ce, "In tafi in bar wa wa shi?" Kada ka ɗauka kuka yake yi da halin da yake ciki. Alfahari ne zalla, har wani ɗaga haɓa yake yi in zai faɗa.

Kuma gaskiya ya iya. Ya san kowane tudu da kowane rami daga Suwaidi har Malaz. Ba sa ma magana in suna tafiya: Najib ya ɗan karkata gaba, keke ya tafi, ya jingina baya, keke ya tsaya. Abin da Sha'aban ba ya ƙauna shi ne wani ya taɓa masa mariƙin keken nan. Wata rana mai gadin wani asibiti ya taimaka ya hau da Najib gangare, da zuciya ɗaya. Sha'aban ya yi masa godiya da Larabci mai kyau, sannan a gaban idon mutumin ya zaro hankici ya goge inda ya riƙe.

Ni na jawo masa abin da ya same shi, kuma har yau bai yafe mini ba. Wani Bature a ofishinmu, mutumin wata ƙasa mai tsananin sanyi, ya manna takarda cewa yana neman masu keken guragu da za su koyi wani wasan ƙasarsu. Ya samu aron filin ƙanƙara a cikin wani babban kanti, safiyar Juma'a kafin a buɗe shaguna. Don tsokana na kai wa Najib takardar. Ƙanƙara a Riyad, garin da sitiyari ke ƙona maka hannu. Na zaci dariya za mu yi mu wuce, sai ga shi ya ninke ta ya sa a aljihu.

Su suna kiran wasan kalin, mu kuwa tura dutse muke ce masa. Dutse ne mulmulalle mai nauyin kusan kilo ashirin, da mariƙi a kansa kamar buta. Ɗan wasa yana zaune a kekensa zai saƙala masa doguwar sanda, ya tura shi ya sulale a kan ƙanƙara zuwa wata da'ira can nesa. Wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiya shi ya ci. Masu ƙafa in suna yi, suna bin dutsen da tsintsiya suna gyara masa hanya. Masu keke ba su da wannan. Da zarar ya bar sandarka shi ke nan, sai kallo. Saboda haka dole keken mai turawa ya tsaya cak, kuma birki kaɗai ba ya riƙe taya a kan ƙanƙara. Sai abokin wasanka ya zo da nasa keken ta bayanka, ya danƙe naka da hannu biyu har ka saki dutsen.

Wanda aka ba riƙon Najib shi ne Basiru, wani mai gyaran waya da haɗarin mota ya zaunar, ƙaton mutum mai damatsa da yawan raha. Shi kuwa Sha'aban aka nuna masa benci a bayan shinge.

Na raka su sau da yawa, kuma ni ba wasan nake kallo ba, fuskar Sha'aban nake kallo. Yana zaune cikin rigar sanyi har biyu, idonsa ƙyar a kan hannun Basiru.

"Malam Nuru, dubi riƙo don Allah," in ji shi. "Sai ka ce mai riƙe da akuya a kasuwa. Wannan kafaɗar ta hagu ba ta son a ja ta haka. Shi ina ya sani?"

Na ce, "Ai ga dutsen can ya shiga."

"Sa'a ce."

Sa'ar nan ta yi ta maimaita kanta har wata bakwai. Abin da ya fi ci wa Sha'aban rai shi ne sun ƙirƙiro tasu alamar: in Basiru ya gama kafa keken sai ya ɗan buga bayan kujerar sau biyu, Najib ya gyaɗa kai ba tare da ya waiwaya ba. A gida kuma magana ta koma "Basiru ya ce" da "ni da Basiru". Kishi ne muraran, irin wanda ba ya ɓoyuwa. Basiru zai gaishe shi da "Yaya Sha'aban, ina kwana," shi kuma ya amsa da "lafiya" guda ɗaya, busasshiya. In za su rage masa hanya, Sha'aban zai ɗaga keken Basiru ya sa a but da kyau, ba ya wasa da wannan, amma ƙarar rufe but ɗin har cikin kanti ana jinta.

Sai ga gayyata ta zo. Za a yi gasa a Turai, ƙungiyoyin masu keke daga ƙasashe takwas, kuma an ba 'yan Riyad gurbi. A Juma'ar ƙarshe kafin tafiya Basiru ya makara. Baturen nan, wanda shi ne koci, ya duba agogo ya ce a fara, wani ya riƙe wa Najib tunda gwaji ne. Akwai wata 'yar ƙungiyar, Munirat, mai haɗa magunguna a asibiti, har ta fara juyo da kekenta. Kafin ta iso Sha'aban ya riga ya tsallake shinge. Aka ba shi abin sa wa takalmi don kada ya zame, koci ya ce masa da guntun Larabcinsa, "Riƙe kawai. Kada ka yi komai."

Sha'aban ya dube ni ya yi murmushi. Shi za a koya wa riƙon keken nan?

Ya kama. Najib ya saita sanda, ya ja numfashi, ya karkata gaba zai tura. Hannun Sha'aban kuwa abu ɗaya ya sani game da wannan karkatar tun suna yara, wato a tafi. Keke ya sulale gaba kamar taku ɗaya, dutse ya yi gefe ya je ya daki katako. Aka kawo wani dutsen. Na ga Sha'aban ya cije leɓe ya kafa ƙafafu, jijiyar wuyansa ta fito. Najib ya karkata, keke ya motsa, kaɗan dai, amma ya motsa. Na uku ma haka.

Najib ya waiwayo ya ce a hankali, "Yaya, tura ni kake yi."

"Ban tura ka ba."

"Kana turawa, Yaya. Ba ka sani ba ne."

Ana cikin haka Basiru ya shigo yana haki. Da ma ya yi dariya ko ya yi wata gadara, da abin ya zo wa Sha'aban da sauƙi. Sai ya ce cikin ladabi, "Sannu da ƙoƙari, Yaya Sha'aban. Kawo in karɓe ka." Ya kafa keke, ya buga sau biyu, dutse ya tafi sumul ya zauna a cikin da'ira. Sha'aban ya koma benci, bai ko tuna ya cire abin takalmin ba.

An tanadi kujerar mai rakiya a tafiyar, kuma kowa ya san ta Sha'aban ce. Sai ya ce shi ba za shi ba, ƙirjinsa ba ya son sanyi. Ƙarya yake, ni na san so yake a roƙe shi, a ce masa ba za a iya ba sai da shi. Najib ya tambaye shi sau biyu. A na uku ya ce, "To, Yaya, Allah Ya ƙara lafiya." Na samu Sha'aban na yi masa tatas, na ce girman kai zai sa ya zauna a Suwaidi yana gadin bango. Ni ma fa ba wai raina fari ba ne. Shekara ashirin ina tuƙa Turawa, ƙasarsu sai a hoton kalanda, ga wanda na kai wa takarda don wasa zai hau jirgi ya je. Amma ni nawa kishin na shanye shi da shayi.

Kwana goma suka yi. A wayata muke kallon wasan bayan la'asar. Akwai wata tsohuwa mai furfura a wata ƙungiya da ba ta kuskure, akwai wani mai hannu ɗaya da aka ɗaure masa sanda a damtse. Sha'aban duk bai gan su ba. Jira yake a nuno bayan keken Najib. Ranar wasa na huɗu, dutsen ƙarshe ya rage a hannun Najib, Basiru ya danƙe keke, dutse ya tafi ya ture na abokan hamayya ya zauna. Na yi tafi. Sha'aban ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, "Malam Nuru, ka san da ya saki dutsen nan raina ya so ya kuskure? Ƙanina fa. Astagfirullah."

Kullum wayarsa na hannunsa. Jira yake a kira a ce an rasa mai ɗaga Najib zuwa gado, ko wanka ya gagara. Kiran yana zuwa kuwa, amma Najib ne da fara'arsa, yana ba da labarin 'yan wasan da ya gani suna tuƙa motarsu da hannu, suna ninke kekensu da kansu su jefa a kujerar baya. Wasa biyu suka ci cikin bakwai, sun ƙare kusan a ƙasan jeri, amma yadda yake magana ka ce kofin suka ɗauko.

Da muka je tarbarsu a filin jirgi, Sha'aban ya buɗe ƙofar mota ya sunkuya zai ɗauke shi kamar kullum. Najib ya ce, "Tsaya ka gani, Yaya." Ya zaro wani ɗan allo mai santsi daga gefen keke, ya shimfiɗa tsakanin keken da kujerar mota, ya zame ya zauna. Sha'aban ya tsaya da hannuwa a buɗe, sai da motar baya ta yi masa oda.

Bayan mako guda muna shan shayi, Najib ya fito yana juya tayoyinsa da kansa, da takarda a cinyarsa. Ya miƙa wa yayansa da hannu biyu.

"Mene ne wannan?"

"Bizar fita da dawowa ce, Yaya, ta wata shida. Ga tikiti a ciki. Na yi magana da mudir, shugaban kamfaninmu, ya sa hannu. Ka je ka ga Hansai da yara. Auta ba ta ma san ka ba sai a waya." Ya ƙara da cewa, "Tun ina shekara uku kake ɗauke da ni. Na daɗe ina jin nauyin abin, ban san yadda zan yi ba sai yanzu."

Sha'aban ya dubi takardar, ba karantawa yake ba. "Wa zai riƙe ka?"

"A kan ƙanƙara, Basiru."

"A ƙasa fa?"

"A ƙasa ba sai an riƙe ni ba, Yaya. Kamfani zai ba ni mota ta kai ni aiki. Sauran zan iya."

Sha'aban ya ce Allah Ya saka da alheri, Allah Ya yi albarka, duk abin da ya kamata babba ya faɗa ya faɗa. Aka kira magariba. Najib ya juya kekensa ya nufi masallaci, ya hau ɗan tudun bakin titi a karo na biyu, na farko ya dawo da shi baya. Sha'aban yana zaune yana kallo, ya matse hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Tashi mu je, za a tayar," na ce masa.

Bai tashi ba. Ya ce, "Malam Nuru, da ma cewa ya yi Basiru ne zai riƙe shi a ƙasan ma. Da na san wanda zan yi fushi da shi."