Ranar da Halti Bakhta ta kunna hitar ɗakin baƙi

Halti Bakhta, wadda muke kira Halti, wato inna, don girmamawa, ba ta tsoron komai a duniya kamar sanyi. Gidanta na kallon namu a unguwarmu ta bayan kasuwar tumaki a garin Jalfa, kuma tun ina yarinya abu biyu na san ta da su: saƙar alkyabba da gashin raƙumi, da cusa ulu a duk wata kafa da iska za ta iya bi ta shigo mata gida. A tanti aka haife ta, can dajin kudu wajen Mas'ad, inda iyayenta ke kiwon tumaki. Takan ce tana 'yar shekara tara ta farka wata safiya ta tarar da ƙanenta ya sandare a gefenta, sanyi ya kashe shi. Daga nan ba ta ƙara komai, mu ma ba ma tambaya.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, Jallul, wanda ya girma ya zama direban babbar mota. Da saƙa ta raine shi. Alkyabba ɗaya kan ci mata wata huɗu, in ta gama kuwa sai dattawan gari su zo su shafa, su yi ta gyaɗa kai. Aminiyarta Halti Hadda ce ke kaɗa mata zare. Shekara arba'in suna tare, ban taɓa ganin sun yini ba su yi cacar baki ba.

"Bakhta, buɗe mana taga mana, ɗakin nan sai ka ce cikin tulu," in ji Hadda.

"In iska kike so ga titi can, wa ya riƙe ki?"

"Ke ko a Aljanna sai kin nemi bargo."

"In ke ce maƙwabciyata a can, har da abin toshe kunne zan nema."

Shekarar da aka jawo bututun gas zuwa unguwarmu, Jallul ya sayo mata hita ta ɗumama ɗaki, irin mai gilashi a gaba, wadda ake ganin harshen wutar a ciki. Si Lahdar mai haɗa gas ya zo ya kafa ta a ɗakin baƙi, ya jona bututun hayaƙinta da wani rami da ya bi cikin bango har saman rufi. Da ya gama sai ya ɗauko zarto ya yanke ƙasan ƙofar ɗakin kamar faɗin tafin hannu biyu, ya sa raga, ya kuma huda bango ta sama ya sa wata. Ina gidan ran nan, na kai mata gishirin da ta aika a karɓo. Halti Bakhta ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Si Lahdar, ɗumi na kira ka ka kawo mini, ko sanyi?"

"Hajja, wuta ma numfashi take yi, kamar ni da ke. Ta nan iska za ta shigo mata, ta bututun can ta fitar da dattinta. In kika toshe, gubar da za ta saki ba ta da wari, ba ta da launi. Ba za ki san ta shige ki ba."

"Shekara hamsin ina hura wuta, ba a taɓa huda mini ƙofa ba."

"Wancan tanti ne, Hajja, duk jikinsa ƙofa ne."

Kafin Si Lahdar ya kai bakin layi ta cika ragunan biyu da ulu tam. Ba ita kaɗai ba ce, gaskiya. Mu ma a gidanmu kwali muka manna wa tamu, haka rabin unguwar. Wanda ya san sanyin Jalfa, wanda ke daskarar da ruwa a cikin famfo, ba zai yi mamaki ba. Aka yi shekara shida babu abin da ya faru. In ta haɗu da Si Lahdar a hanya sai ta ɗaga masa hannu ta ce, "Har yanzu dai ina nan da raina!" Shi kuma ya girgiza kai ya wuce.

A shekara ta bakwai Jallul ya sami mata. A lokacin zafi ya ɗora bene a kan gidan, ɗaki da falo na amarya, aka sa biki a farkon Disamba. Ana saura kwana uku, ranar Laraba, Halti Bakhta ta tara mata don murza kuskus ɗin biki. Su bakwai ne, har da mahaifiyata, wadda ta fita tun safe da rariyarta a hammata. A ranar dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Ɗakin baƙi ba a kunna hitarsa sai da dalili, don ita Halti Bakhta a kicin take yini da saƙarta, saboda haka wannan ne karo na farko da aka kunna ta tun da sanyi ya shigo. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, na ce musu in an tashi zan zo in kama musu.

Wajen ƙarfe ɗaya na isa. Abin da na fara lura da shi tun daga soro shi ne shiru. Mata bakwai a ɗaki guda ana shirin biki, ga Hadda a ciki, amma ko tari babu. Na yi sallama ba a amsa ba. Na tura ƙofar, ɗumi ya bugi fuskata.

Duk suna kwance. Wata ta jingina da bango, wata ta kifa kai a gwiwa, hannuwansu duk gari. Wallahi dariya na fara yi. Na ce, "Kai, ma'aikata! Haka ake murza kuskus ɗin?" Babu wadda ta motsa. Sai idona ya faɗa kan mahaifiyata. Ta kife a kan akushi, kuncinta a cikin garin, amai ya ɓata mata mayafi. Na dubi hitar, harshen wutar da na saba gani shuɗi ya koma rawaya, gilashin ya yi baƙi.

Ban san lokacin da na kwarma ihu ba. Na kama Yumma, haka muke kiran uwa a wajenmu, ta hammata na ja ta har tsakar gida, na kwantar da ita a kan ƙanƙara, na koma. Tagar ɗakin ta ƙi buɗuwa, don an naɗe gefunanta da tsumma an buga ƙusa. Na ɗauki taɓarya na fasa ta. A komawata ta uku kaina ya fara sarawa, ƙafafuna suka yi nauyi, amma zuwa lokacin maza sun shigo daga titi. Wani ya kashe gas ɗin daga waje, wani ya kira 'yan kwana-kwana. Muka jera su a tsakar gida, dusar ƙanƙara na sauka a fuskokinsu, babu mai ƙifta ido. Ina ta marin Yumma ina kiran sunanta, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

'Yan kwana-kwana suka zo da robobin iska suka ɗora musu a hanci. Yumma ta yi wani irin nishi ta buɗe ido, ba ta gane ni ba. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa kan Halti Hadda ya daɗe yana danna mata ƙirji. Ita aka ba wurin da ya fi kusa da hitar, don ita ce babba a cikinsu. Can ya miƙe, ya ja mayafinta ya rufe mata fuska. Shugabansu ya shiga ɗakin ya fito da dunƙulen ulu biyu a hannu, ya ɗaga su sama don kowa ya gani.

"Wa ya cusa wannan?"

Duk mun san saƙar wa ce.

Shida suka rayu. Daga baya Yumma ta ba ni labari cewa tun hantsi suka fara ciwon kai, kowace na cewa rashin shan gahawa ne. Hadda ma ta ce a buɗe ƙofa, Bakhta ta ce garin zai sha sanyi ya ƙi murzuwa, aka yi dariya aka ci gaba. Daga nan ba ta tuna komai.

Halti Bakhta ta farfaɗo washegari da hantsi a asibiti. Ina zaune tsakanin gadonta da na Yumma. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, an gama kuskus ɗin? Ina Hadda?" Ta karanta amsar a fuskata. Ba ta yi kuka ba, ta dai zuba wa rufin ɗakin ido ta ce, "Ni na kashe ta. Da hannuna na cusa ulun nan." Ta yi ta maimaitawa har likita ya zo ya ba ta magani.

Unguwa ma haka ta ɗauka, har ranar Juma'a da Si Lahdar ya zo. Babu wanda ya kira shi. Ya ce shi abin bai kwanta masa ba, shekara shida ulun nan na wurin, me ya sa sai yanzu? Jallul ya buɗe masa gidan, ni ma na bi su don in kwaso kayan Yumma. Si Lahdar ya cire bututun hitar, ya kunna takarda ya kai bakin ramin bangon. Maimakon hayaƙin ya hau, sai ya dawo mana cikin ɗaki. Ya dubi Jallul, ya hau bene, mu muka bi shi. Ya auna da taku daga bango, ya tsaya a tsakiyar ɗakin amarya, daidai ƙafar sabon gado, ya buga ƙasa da dunduniya.

"Nan ramin hayaƙin yake fitowa. Ina ya tafi?"

Jallul ya jingina da ƙofa.

"Jallul, da kai nake. Ina ramin?"

"A tsakiyar ɗaki ya fito, Si Lahdar. Magini ya ce ko a bar shi ya tsaya kamar ginshiƙi, ko a rufe. Na ce ya zuba kankare a kai, in sanyi ya matso zan kira ka ka fitar da shi ta bango. Sai tafiye-tafiye, sai hidimar biki..."

"Ka rufe wa wuta hanya, ka shimfiɗa tayil a kai, ka sa gado?"

"Na manta. Wallahi na manta."

Na zauna a bakin gadon. Si Lahdar ya cire hularsa ya share fuska. Ya ce da ragunan a buɗe suke, da wataƙila ciwon kai kawai za su kwasa, da kuma ramin a buɗe yake, da an ƙara shekara ta bakwai lafiya. Uwa ta rufe ƙasa, ɗa ya rufe sama, kowa bai san abin da ɗayan ya yi zai jawo ba.

Da aka sallamo Halti Bakhta ta ji labarin, sai ta aika aka kira mata Si Lahdar.

"Maganar benen nan ta tsaya a bakinka. An riga an ce ni ce, a bar shi a ni ce. Ni na tsufa, shi kuwa yanzu zai fara."

"Hajja, ba zan yi yawo da ita ba. Amma in hukuma ta tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

Ba a kai ga haka ba. Ran sadakar bakwai, ana zaune, tanti ya cika a ƙofar gidan Hadda, Jallul ya tashi a gaban mutane ya je ya durƙusa gaban babban ɗanta, ya faɗi komai da bakinsa. Ɗan'uwana da ke wurin ya ce har mai zuba gahawa ya tsaya da buta a hannu. Ɗan Hadda ya dube shi ya ce, "Tashi. Mahaifiyata ce ta yi wa uwarka wankan jego da aka haife ka. Ba zan kai ka ko'ina ba, amma kada ka bari in gan ka na ɗan lokaci." Hukuma ta kira Jallul sau biyu ta yi masa tambayoyi, iyalan Hadda suka ce sun yafe. Aka ɗaga bikin zuwa bazara, aka yi shi ba kiɗa ba guɗa. A makon da ya gano ramin nan Si Lahdar bai zauna ba, gida-gida ake kiransa, kuma ni da hannuna na ɓalle kwalin ƙofarmu.

Mun ɗauka abin ya ƙare a nan. Bayan kamar sati uku da fitowarta daga asibiti, Halti Bakhta ta fara wasu abubuwa. Ta zuba sukari a miya. Ta zauna gaban masaƙarta ta rasa ta inda ake farawa, ita da ke saƙa ido rufe. Likita ya ce gubar ce, wani lokaci takan dawo ta taɓa ƙwaƙwalwa bayan an ɗauka mutum ya warke. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce da ni, "'Yar nan, leƙa ki kira mini Hadda, ta riƙe mini zare tun jiya." Na zauna na gaya mata a hankali. Ta dafe ƙirji ta ƙwalla ƙara, irin kukan da ba ta yi a asibiti ba, tana tambaya yaushe, me ya same ta. Bayan kwana biyu ta sake aikena. Sau huɗu muna gaya mata, sau huɗu tana jin mutuwar sabuwa, har Jallul ya roƙe mu mu daina.

Yanzu shekara biyar ke nan. Tana nan da ranta, matar Jallul ce ke kula da ita, kuma tana kula da ita da kyau. An fitar da bututun hitar ta bango, an sa wata 'yar na'ura a sama mai ƙara in iska ta gurɓace. In na shiga ta tambaye ni Hadda, sai in ce ta je Mas'ad wajen 'yarta. Sai ta taɓe baki ta ce, "Ko sallama babu. Bari ta dawo, za ta ji daga bakina."