Iccen Jemagu a Yamai

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka abin yake a wurinmu, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ƙannena biyar tana kiransu da sunayensu, ta zage su da sunayensu, in sun yi abin kirki ta yi musu kirari. Ni kuwa "kai" ne in ina kusa, "wancan" in na yi nisa. Da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Madarunfa sai na samu ƙarin girma, na koma "mushen nan", don mushe ake ce wa malamin boko a ƙasarmu. Mutane suna cewa so ne ya yi yawa har ya koma kunya. Ni dai abin yana cina, kuma ban iya ɓoye abin da ke cina ba. Ina saurayi na taɓa ce mata in sunan bai yi mata ba, ai da ta hana a raɗa mini shi. Ta ci gaba da tankaɗen garinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Wata damina a tsakiyar shekarun casa'in takarduna na aiki suka maƙale a Yamai, aka ce sai na je da kaina. Lokacin hutun lakwal ne, an gama maimai, gero ya fara ɗaukar ciki, babu wani aikin gona mai tsare mutum. Na ce wa Inna ta shirya in kai ta ta ga birni, don iyakarta Maraɗi ranar kasuwa. Ta ce me za ta gani can wanda babu shi a bakin tabki? Washegari na tarar ta wanke baƙin zanenta na rini ta shanya, ta ƙulla goro a bakin mayafi.

Mun sauka a gidan wani abokina da muka yi karatu tare. Da safe na kai ta gidan kallon nan da ake ce wa muze, inda ake ajiye namun daji da kayan mutanen da. Wallahi na ji daɗin ranar, har wajen azahar. Ta tsaya gaban kura ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ashe iyakarki ke nan, ke da kika hana mu barci muna yara." Da dorina ta buɗe baki a cikin ruwanta, Inna ta ja da baya ta riƙe gefen rigata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in wannan ta faɗa tabkinmu masunta sai su koma noma. Da muka iso inda aka gina bukkoki da rumbu don baƙi su gani, dariya ta kama ta har tana share hawaye. Ta ce mutanen birni sun gama kallon komai, saura rumbu.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinta ba ya cikin keji. Da muka fito muka nufi unguwar ofisoshi, sai ta tsaya ƙarƙashin wani babban maɗaci ta ɗaga kai. Jemagu ne rataye a kowane reshe, manya-manya, sun yi yawa har rassan sun lanƙwashe, suna ta tsiwa da juna da rana tsaka, motoci na wucewa ƙarƙashinsu ba ruwansu.

Ta ce, "Waɗanga fa, wa ke ba su abinci?"

Na ce ba su da mai su, zaman kansu suke yi.

Ta ce, "To su ne ƴan gari."

Biron da zan shiga, wato ofishin, yana can saman bene, Inna kuwa ta ce ba za ta hau matakala ba ko da me za a ba ta. Ta shimfiɗa mayafinta na biyu a gindin maɗacin ta zauna, ta ce in na gama in same ta a iccen jemagu. Na ce to. Ko kaɗan ban ga aibun maganar ba, don haka muke kwatance a gida. In aka ce tsamiyar shamuwa, kowa ya san guda ce a garin. In aka ce gawon bakin rijiya, ko jariri ya san inda yake. Ni da na yi karatu, na zauna birni shekara uku, ban ɗaga kai na dubi sauran itatuwan layin ba.

Na ɗauka aikin rabin awa ne. Aka tura ni wannan ɗaki, aka tura ni wancan, mai sa hannu ya fita, aka ce in jira. Ban sauko ba sai da la'asar ta yi sanyi. Na zo gindin maɗacin, babu Inna, babu mayafi, sai ɓawon goro a ƙasa. Na zagaya iccen kamar wawa, kamar za ta ɓuya a bayansa. Sannan na ɗaga kai na dubi layin. Tun daga inda nake har iyakar ganina itatuwa ne jere, hagu da dama, kuma kowanne baƙi ƙirin da jemagu. Layin da ya gitta shi ma haka.

Akwai wani dattijo mai gadin ƙofar biron da na fito, yana zaune kan benci da butarsa. Na gaishe shi a gurguje na ce, "Baba, don Allah ba ka ga wata tsohuwa mai baƙin zane ba?"

Ya ce, "Mai tsaga a kumatu? Na gan ta. Ta roƙi ruwan alwala, na ba ta buta, na nuna mata bayan gini inda mata ke salla. Da ta idar sai ta fita ta ɗaya ƙofar. Na bi ta na ce, Hajiya ina za ki? Ta ce iccen jemagu. Na ce wanne? Ta dube ni kamar ni ne marar hankali."

Na ce, "Ba ta ce tana tare da wani ba?"

"Ta ce tana jiran wani mushe. Na ce ta faɗa mini sunansa in shiga in sa a kira shi. Ta ce mushe ne dai, daga Madarunfa. Na ce, baiwar Allah, garin nan cike yake da mushe, sunansa nake so. Sai ta ja mayafi ta rufe baki. Na tambaya, na sake tambaya, shiru. Na ce ko tsufa ne ya taɓa ta. Kafin in samo wanda zai riƙe mini ƙofa ta yi gaba."

Na ji raina ya ɓaci har idona ya rufe. Wato gara ta ɓata a Yamai da ta furta kalma guda. Ga mutum tsaye zai taimake ta, ga ni a saman kanta, bene biyu kawai, amma kunya ta fi mata. Na ce masa ba tsufa ba ne, ni ɗan fari ne. Ya gyaɗa kai, ya ce ai da ya kawo haka a ransa da ya bi ta wata hanya.

Ya dubi rana ya ce, "Yaro, in za ka nema ka nema yanzu. Da an kira magariba jemagun nan tashi suke gaba ɗaya, su tsallake kogi su tafi kiwo. Ko guda ba ya saura."

Nan ne tsoro ya kori fushin. Na san Inna. Ba ta san sunan unguwar da muka sauka ba, ba ta san sunan abokina ba, ba ta da ko takarda a jikinta, katinta yana aljihuna. Abu guda ta riƙe a duk garin, jemagu. Muddin suna bisa kanta za ta zauna daram, ta tabbata tana inda muka yi alkawari. In suka tashi ta ga icce fayau, za ta ce ta yi kuskuren wuri, ta miƙe ta bi inda suka nufa. Inda suka nufa kuwa gada ce da kogi da manyan motoci, ga duhu na tafe, ga idonta ba ya gani sosai in rana ta faɗi.

Na fara bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ina gudu ina tsayawa. Lokacin tashi daga aiki ne, hanya ta cika da babura da takisi, mutane na fitowa daga kowace ƙofa. Ƙarƙashin kowane icce akwai mai zama, masu gasa masara, masu wankin takalmi, masu jiran mota. Na ɗaga murya na ce, "Inna!" Mata uku suka waiwayo, ba ita a ciki. Na sake kira a gaba, wata mai tallar gyaɗa ta amsa mini da na'am tana dariya. Na san abin da ya kamata in yi, in kira ta da sunanta na yanka. Na buɗe baki a tsakiyar titi, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ni da na shekara ashirin ina ganin laifinta, na kasa. Na ci gaba da kiran Inna kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa.

A wata mahaɗa na hangi mutane sun yi cincirindo a bakin kwalta, na ga wani abu baƙi a ƙasa tsakanin ƙafafunsu. Ban san lokacin da na ture mutane na kutsa ba. Mai babur ne ya zube da buhun gawayi, yana zaune yana duba gwiwarsa. Na yi hamdala a gaban mutumin da ke zubar da jini, har wani ya harare ni. Na fito daga cikinsu.

Kafin nan jemagun sun fara motsi. Kukansu ya ƙaru har ya danne ƙarar motoci. Ɗaya ya saki reshe ya zagaya ya dawo, goma suka bi shi, sannan itatuwan suka fara zubar da su ta ko'ina. Na ga wasu Turawa biyu sun tsaya da na'urar ɗaukar hoto suna nuna sama suna murna, na ji kamar in fizge abin in jefar. Ladan ya ɗaga murya daga wani masallaci. Sama ta yi baƙi da fukafukai, duk sun miƙe sun nufi kogi, ba su da iyaka. Na dubi iccen da ke kusa da ni, rassansa sun miƙe, babu komai a kansu.

Na ce shi ke nan, sai wurin ƴan sanda, daga nan in bi gada. Na tsayar da takisi, na kama murfin ƙofa. A cikin hayaniyar na ji an kira sunana daga can tsallaken hanya. Ban waiwaya ba. Sunana ba baƙo ba ne, a kowane layi akwai mai shi, kuma muryar ban san ta da wannan kalma ba. Aka sake kira. Na sa ƙafa guda cikin mota ina gaya wa direba inda za mu. Na uku ya zo da ƙarfi, muryar ta tsage a ƙarshe, kuma an ja wasalin ƙarshen irin jan da ba a yi sai a garinmu.

Tana tsaye a tsallaken kwalta, gindin wani maɗacin da na wuce sau biyu ta ɗaya gefen, mayafin shimfiɗarta a naɗe a hammata. Ta riga ta miƙe za ta bi jemagun. Na tsallaka ban duba mota ba, wani mai babur ya zage ni har da iyayena. Da na iso ta riga ta ja mayafi ta rufe bakinta, tana kallon ƙasa.

Na ce, "Inna."

Ta ce, ba ta dube ni ba, "Wanga yaro kurma ne? Tun ɗazu nake cewa kai, kai."

Na karɓi mayafin daga hammatarta. Muka tsaya har sauran jemagun suka gama wucewa, don ta ce tunda an zo kallo a bari ta gani. A cikin takisi ta riƙe gefen rigata har muka isa gida.

Da muka koma Madarunfa mata suka cika tsakar gidanmu suna jin labari. Ta ba su na kura, ta ba su na dorina, ta kwaikwayi yadda ta buɗe baki, ta ce a birni har rumbu ake zuwa kallo. Ta ce akwai garin jemagu a bisa garin mutane, kuma kowane icce nasu ne, kada wanda ya yi alkawari da su. Ƙanwata ta ji ƙishin-ƙishin ɗin ɓatan daga bakina, ta tambaye ta yaya aka yi muka haɗu. Inna ta ce Allah ne ya haɗa, ta aike ta ɗebo ruwa. Ni ma ban ƙara komai a kai ba, don na ga yadda ta saci kallona.

Washegari na koma "mushen nan", kuma ban sake yi mata ƙorafi ba. Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan tafiya, ba ta ƙara furta shi ba har ta koma ga Allah. Sau uku ke nan a duk rayuwata. Abin da ke damuna har yau, biyun farko na bar su sun wuce ina tsammanin wani ake kira.