Tutocin Gwaggo Dela

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga Rajab 1391, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Dela, yayar mahaifina, a gidanta da ke unguwar Bagdadiyya, a birnin gaɓar teku da alhazai ke sauka. Ta bar 'yarta Luba da jikoki shida, da adaka cike da tsofaffin tutocin jiragen ruwa.

Gwaggo, tun ina ƙarami adakar nan take ɗaure mini kai. Mata na tara kwalla da tasa, ke kina tara ƙyallayen da gishirin teku ya cinye. Kina wanke su, ki ɗinke gefen da ya zare, ki sa kafur. Ba ki da karatun boko, amma daga taɓa yadi sai ki ce wannan ta jirgin ƙasar Jawa ce, waccan ta Masar ce ta zamanin sarauta. Wani Bature mai tara kayan tarihi ya zo saye, kika ba shi shayi, kika ce, "Halas, magana ta ƙare, ba na sayarwa ba ne."

Sai da na fara aiki a tashar jiragen ruwa kika faɗa mini dalili. Kina 'yar shekara bakwai kuka tsallako teku daga tashar Sawakin a hanyar hajji, mahaifinku ya rasu a cikin jirgi, aka sauke shi a wani wuri da ba ki sani ba. Abu ɗaya kika riƙe, tuta rawaya a saman jirgin. Kika ce, "Rafi'u, nemo mini ƙasar masu tutar nan, su faɗa mini inda suka binne Baba."

Ban yi wata guda a wurin aiki ba na gane cewa babu wannan ƙasa. Tuta rawaya alamar killacewa ce, kowane jirgin alhazai yana ɗaga ta har likita ya duba shi. Na kasa faɗa miki. Shekara goma sha ɗaya ina kawo miki duk tutar da matuƙa suka jefar, ina cewa ana nan ana nema, kina zuba mini tuwo kina sa mini albarka. Abin ya tsaya mini a rai, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Ranar uku na gaya wa Luba, ina kuka. Ta dube ni ta ce, "Yaya Rafi'u, ai Inna ta san wannan tun ba a haife ka ba. Cewa ta yi, in ta daina aikenka, me zai riƙa kawo ka gidan?"

Gwaggo, ki yafe mini. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da mahaifinki a Aljanna. Luba da jikoki, Allah Ya ba mu haƙurin rashi, amin.