Dikodar da Auta Ya Aiko

Tsohuwar tana tsaye a shagon mai gyaran talabijin, ta ci ado har da kwalli kamar mai taryar baƙo. Ta rungume dikoda cikin mayafinta.

"Dijital fa aka rubuta, ɗan nan."

"Mama, sunan ne ɗaya. Wannan kebul ɗin ƙasar da ta fito kaɗai take ji, namu daban ne. Ko ni na haife ta ba za ta kama ba."

"Autana ya aiko. Can yake karanta labarai a talabijin. Ya ce ba sai ya zo ba, kullum zan gan shi."

Ta dubi dikodar. Autanta, ma'aikacin talabijin, zai rasa sanin wannan?

Da za ta fita, ta wayar wuta ta riƙo dikodar, tana lilo.